Goron da Na Kai wa Manyan Garin Jatau

Tun da na dawo daga Italiya ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi a bakin tashar Makarfi sai a zagaye ni: "Malam Haruna, yaya ƙasar take? Da gaske ne taliya suke ci safe da yamma?" Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakina, kuma duk canjin da ya yi ni yake ƙara wa daraja. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, tun kafin in fara cewa shugaban ƙasarsu ne ya tarye ni a filin jirgi.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin tarihi ne da ya yi ritaya, mai son babbar riga da dogon jawabi. Ina da ƙanin mahaifiya a ƙauyen Furana da ke nan yankinmu, Kawu Sale. Lokacin yana yaro Turawan Italiya suka zo aikin hanya da gadoji a yankinmu, suka kafa sansani kusa da ƙauyensu, mahaifin Kawu ne yake yi musu girki. Shugaban maginan yana da ɗa sa'an Kawu mai suna Aldo, amma yaran ƙauye suka laƙaba masa Jatau, sunan kuma ya bi shi. Tare suka yi farautar gafiya, tare suka shiga rake a fadamar mutane, tare aka zane su. Da suka girma suka yi aikin kwalbati tare, har aiki ya ƙare Jatau ya koma ƙasarsu. Daga nan ba wanda ya sake jin ɗuriyar wani.

Ni na tono maganar ba da niyya ba. Na ɗauki hoton wata tsohuwar gada a hanyar Ikara na sa a intanet da dogon bayani, wanda rabinsa hasashe ne. Sai ga saƙo da Turanci daga wata mata, Kiyara. Ta ce ita 'yar Jatau ce, tana aiki a ɗan gidan tarihin garinsu, kuma suna taro duk shekara don tunawa da mutanensu da suka je aikin gini Afirka. Suna son baƙo daga can, za su ɗauki nauyin tafiyar. Ta ce mahaifinta yana raye a gidan kula da tsofaffi, sai dai tsufa ya taɓa masa tunani, ba kullum yake gane mutane ba.

Na hau acaɓa har Furana na kai wa Kawu labari. Na same shi kwance a zaure, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana fita da ƙyar. Na ce, "Kawu, ai ko yanzu sai a kira shi a waya."

Ya harare ni. "Kai Haruna, karatun nan bai ƙara maka komai ba. Mutumin da rabona da shi tun kafin a haifi matarka, shi zan kira a waya kamar mai tambayar farashin taki? Ka je da ƙafarka, ka durƙusa a gabansa, ka ce Sale ne ya aiko ka. In ya gane, sannan ka haɗa mu in ji muryarsa. Kuma kada ka yi nawa, ka dai ga yadda nake."

Na ce in sha Allahu da na sauka wurinsa zan fara.

Kafin biza ta fito labari ya gama gari. Manoman rake na Kudan suka aiko da mazarƙwaila. Dattawan unguwarmu suka haɗa goro farare manya da huluna masu aiki, suka ce in kai wa manyan garin, kada a ce mutanen Makarfi ba su san ya kamata ba. Wani ya ce in tabbata na ɗauko hoto da sarkinsu. Matata Ladidi ta cusa mini kilishi a jaka tana cewa, "Malam, aiken Kawu fa ya kai ka, ba hoto ba." Na ce mata ni ba yaro ba ne.

Hanya daga Makarfi zuwa Abuja ba ta da labari, in ban da tayar da ta fashe mana bayan Zariya. Jirgi ma na jure shi, duk da sanyin da suka sakar mana kamar masu ajiyar kifi, da ɗamarar kujera da ta ƙi zagaye babbar rigata sai da ma'aikaciya ta taimaka. Wahalar ta fara ne da muka sauka. Wani kare da ke tare da jami'an kwastan ya bar mutum ɗari ya zo ya zauna gaban jakata. Aka kai ni gefe aka zazzage komai. Kilishi dai ko shawara ba a yi ba, aka jefa shi a kwandon shara ina kallo. Mazarƙwaila kuwa jami'in ya ɗaga curi ɗaya yana juyawa, ya kira abokinsa, su biyu suna dubana kamar sun kama babban dilan ƙwaya. Na gutsura na ci a gabansu, na ce sukari ne. Da aka zo kan goro na sake gutsurawa, na miƙa masa ɓari. Ya tauna sau biyu, fuskarsa ta tattare, ya yi mini alama da hannu in kwashe kayana in tafi. Ina jin ya ga duk wanda ke cin wannan abu da son ransa ya riga ya sha isasshen horo.

Jirgin ƙasa ya kai ni wani gari, daga nan Kiyara ta zo da mota ta ɗauke ni. Mace ce mai fara'a, ta kai shekara hamsin, gashi a yanke. Tana ganina ta buɗe hannu ta nufo kumatuna, ashe haka suke gaisawa, maza da mata. Na ja da baya da sauri, na manta akwati yana bayana. Sai ga malamin tarihi zaune a ƙasa a gaban tasha, hula a gefe guda. Ta yi ta ba ni haƙuri, ni kuma na ce ai dama hutawa nake so in yi.

Garin nasu ɗan ƙarami ne, bai kai Kudan ba, a kan tudu, gonakin inabi sun kewaye shi. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, mu a gida garin Jatau muke cewa. Aka sauke ni a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna. A banɗaki na ga wani ɗan kwano na tangaran a ƙasa kusa da masai, da famfonsa. Na ji daɗi ƙwarai, na yi alwala na wanke ƙafafuna a ciki, na fito na yaba wa Kiyara yadda suka tanadi wurin wanke ƙafa don baƙi Musulmi. Ta rufe baki tana dariya, ta ce na tsarki ne bayan an zagaya. To, ko ba komai na gane mutanen nan sun san amfanin ruwa, kuma daga ranar na koma wanke ƙafa a wurin wanka.

Abinci ma ya kunyata ni. Aka kawo taliya da miyar tumatir, na tambaya ko da alade aka ce babu. Na ɗauka ita ce abincin, na ci na ƙara, na sake ƙarawa don tsohuwar ta ji daɗi. Ina shirin wanke hannu sai ga kifi da dankali, ashe taliyar share fage ce. Bayan kifi ga ganye, bayan ganye ga cuku, tsohuwa tana tsaye a kaina ba ta yarda a bar komai. A ƙarshe aka kawo kofi a wani ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, mai ɗaci kamar maɗaci. Na ce a raina, sun rama wa jami'in kwastan.

A wurin cin abincin nan ne na yi wautar da ta sa nake wannan rubutu. Kiyara ta ce, "Gobe da safe sai mu je wurin Baba. Kwanan nan yana cikin hayyacinsa, kuma da safe ya fi ganewa."

Na gyara zama. Na bayyana mata cewa a wurinmu baƙon kirki ba ya shiga gari ya zarce gidan wani kai tsaye. Sai ya fara gaida masu gari da manyan mutane, ya miƙa abin da ya zo da shi, sannan ya shiga harkarsa. Na ce dattawanmu sun ba ni saƙo ga manyan garinsu. Gaskiyar al'ada na faɗa, amma a ƙasan zuciyata hoton nan nake hange, ni a tsakiya, manyan Turawa hagu da dama sanye da hulunan Makarfi.

Ta ce, "Manyan mutanen garinmu? Ai muna da su da yawa, aikina ke nan. Gobe zan kai ka ka gan su duka."

Da safe na sa farar shadda mai aska, na fesa turare, na rataya jakar goro da huluna. Muka fito dandalin tsakiyar gari. Ta tsaya gaban wani dogon mutum na tagulla, da takobi a hannu, tantabara a kansa. Ta ce wannan janar ne, ɗan garin, ya yi yaƙin haɗa kan ƙasarsu. Na gyaɗa kai, na ɗauka gabatarwa ce kafin a shiga fada. Muka wuce wani lungu, ta nuna mini allon dutse a bango: a gidan nan aka haifi likitan da ya yi wa wani sarki magani. Gaba kaɗan, gidan wani mai zane wanda aikinsa ke manyan coci-coci na ƙasar. Sai wata malamar makaranta da ta ɓoye mutane a rumbun giyarta lokacin babban yaƙi, an sa wa titi sunanta. Sai wani ɗaki da aka ce wani sarkin ƙetare ya taɓa kwana a ciki da rundunarsa za ta wuce, har gadon yana nan an kewaye shi da igiya, ba a yarda kowa ya zauna ba. A cikin coci kuma ta nuna mini wani limaminsu na dā, ƙasusuwansa a akwatin gilashi, an yi masa ado.

Rana ta take, jaka ta fara cin kafaɗata. Na ce, "Hajiya Kiyara," don na rasa yadda zan kira ta, "yaushe za mu je wurin su kansu manyan?"

Ta ce, "Ai su ke nan ka gani."

"Duk sun mutu?"

"Tun tuni. In mutum bai mutu ba ta yaya za a san babba ne?"

Na tsaya da goro a hannu a gaban ƙasusuwa. Mu a wurinmu babba shi ne wanda ake cire takalmi a ƙofar zaurensa, ya ci goronka ya sa maka albarka. In ya rasu a rufe shi kamar kowa, bayan 'yan damuna kabarin ya baje, sai sunansa da ake sa wa jikoki. Su kuwa sai mutum ya mutu suke tsayar da shi a rana, tantabaru suna yi masa abin da suka ga dama. Na tambaya ko akwai mai rai ko ɗaya, ko da magajin gari ne. Ta ce akwai, ga shi can ma. Na waiwaya na ga wani saurayi da gajeren wando a kan keke, ya sayo burodi. Shi ne kuma mai kantin magani na garin. Ya tsaya muka gaisa a tsaye, na miƙa masa hula, ya kifa ta a kai baibai, aka ɗauke mu hoto, ya hau kekensa ya tafi. Hoton yana nan a wayata, ban nuna wa dattawan unguwa ba har yau.

Abin da ya taɓa ni a yawon nan ɗaya ne. A ƙarshen gari akwai manyan gidaje da maginan da suka je Afirka suka dawo suka gina, an rubuta Zariya a ƙofar ɗaya daga ciki. Kiyara ta ce kusan kowane gida a garin yana da kakan da ya yi aiki a ƙasarmu ko maƙwabtanmu. Ta ce duk sun rasu, mahaifinta kaɗai ya rage.

Da la'asar Ladidi ta kira. Ta je Furana duba Kawu. Ko gaisuwar kirki ba ta bari mun yi ba. "Malam, ka gan shi?" Na fara bayanin al'adar gaida manya. Ta katse ni. "Ka san tun ranar da ka tashi, kullum da safe sai Kawu ya sa an ɗauke shi a kujera an kai shi gindin mangwaron makaranta, inda ake samun sabis? Yana zaune da waya a cinya har rana ta kore shi. Yau ko kunu bai sha ba." Na ce gobe da sassafe, ba fashi.

Kafin magariba Kiyara ta zo da fuska a ɓace. Zazzaɓi ya rufe mahaifinta, likita ya hana kowa shiga sai an ga yadda hali ya yi.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya kama ni sosai. Tsofaffi biyu, kowanne ƙafa ɗaya a kabari, an ba ni aiki ɗaya tak, na tafi gaida tagulla. Na yi ta lissafin abin da zan faɗa wa Kawu in Jatau ya cika, ko abin da zan faɗa wa kaina in Kawu ne ya riga. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda suka wuce ba. An yi taron, na karanta jawabin da na yi wata guda ina gyarawa, aka tafa, ban ji komai ba. Goro na raba wa tsofaffin da suka zo, suka karɓa da ladabi suka sa a aljihu. Kullum in tambayi Kiyara, kullum ta ce tukuna. Ladidi kuwa ta daina yi mini faɗa, abin da ya fi faɗan ciwo.

Sai ranar da zan tafi, akwatina ma yana cikin mota, aka ce zazzaɓin ya sauka, za a bar mu mu shiga na ɗan lokaci. A hanya Kiyara ta ce kada in sa rai. Tun da ya kwanta ko ita bai gane ba, sai wasu surutai yake yi da masu jinya ba sa fahimta.

Muka same shi a keken marasa lafiya kusa da taga, bargo a cinya, ɗan tsoho fari fat kamar an wanke shi. Kiyara ta yi masa magana da yarensu, bai ko juyo ba. Na tattare rigata na durƙusa a gabansa na ce, "Baba Jatau, barka da hantsi. An tashi lafiya?"

Idanun nan suka sauko kaina a hankali. Ya ce, "Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Yaya gida? Yaya yara? Ruwa ya sauka kuwa?"

Hausa ce tsantsa, irin ta tsofaffin ƙauyenmu, wadda ni kaina boko ya ɓata mini. Kiyara ta dafa bango. Ashe surutan da ake cewa na ruɗewa ne, gaisuwa yake ta yi ba mai amsawa.

Ya ce, "Kai ɗan gidan wane ne?"

"Sale ne ya aiko ni. Sale ɗan kuku, na Furana."

Sai bakinsa ya buɗe, ba haƙori ko ɗaya. "Sale mai kunnuwa? Yana nan, ja'irin?"

Na ciro waya na kira Kawu. Ya ƙi shiga. Na sake, ya ƙi. A na uku Ladidi ta ɗauka, na ji iska da kukan awaki, na ji tana cewa, "Kawu, ga shi, ga shi!" Na buɗe muryar wayar na riƙe ta a tsakaninmu.

"Jatau?"

"Sale?"

Daga nan suka shiga gaisuwa kamar jiya suka rabu a kasuwar Ikara. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jiki, kowanne yana cewa da sauƙi, alhali na san yadda jikin kowannensu yake. Jatau ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana cewa ya rasu, ta rasu, shi kuma yana cewa Allah ya jiƙansa. Ni da na zo da jawabi, aikina bai wuce riƙe waya ba, gwiwa tana ciwo a kan siminti.

Kawu ya ce, "Ka ce mini bayan damina za ka dawo, Jatau."

"Ai ina nan tafe. Aiki ne ya riƙe ni."

Na ji Kawu ya ja numfashi. "To, ko ka zo ko ba ka zo ba, mu yafi juna. Ni dai na yafe maka duniya da lahira."

"Na yafe, Sale, na yafe. Amma raken nan kai ka karya, ni gadi kawai na yi."

Kawu ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ana cikin haka sabis ya ɗauke. Na sake gwadawa bai shiga ba. Ban damu ba, na san ya ji abin da yake jira. Na share fuskata da hannun riga, ban ɓoye ba, kuka nake yi.

Mai jinya ta leƙo ta nuna agogo. Na ce, "Baba, zan koma." Ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, ɗaya hannun yana laluben takalminsa a ƙarƙashin keken.

"Tsaya mu tafi tare. Motar Ikara yaushe za ta tashi?"

Na dubi Kiyara, ba ta san me ya ce ba, murmushi take yi da hawaye. Na juyo wurinsa. Sai na ce, "Sai ta cika, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya sake ni. "To, ka kama mini wuri kusa da taga."

Na ce na kama. Muka fito muka bar shi da takalmi ɗaya a cinya, ya juya keken yana fuskantar ƙofa.